Darasi na Bakwai: Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗan aji ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da ilimin manya da neman ilimi tsawon rai;
2. kawo misali daga rayuwarsa na ranar da ilimin jiya ya kasa biya masa bukatar yau;
3. bayyana yadda mantuwa take zuwa da yadda tishi yake maganinta;
4. lissafa riba, da karanta lambobin da ke jikin buhun taki da kwalin magani;
5. tsara wa kansa lokacin karatu wanda ba zai hana shi neman abinci ba.

1. Ranar da kowa ya koma ɗalibi

Dattawan cikinku za su tuna shekarar 1972. Ranar 2 ga Afrilu aka sauya hannun tuƙi a Nijeriya. Da hagu ake bi, irin na Ingila, sai aka wayi gari kowa ya koma dama, kamar yadda ake yi a Nijar da Chadi da Kamaru. Direban da ya shekara ashirin yana jan gingimari tsakanin Kano da Legas, a ranar shi da yaron motarsa duk ɗalibai ne. Hatta mai tafiya a ƙasa sai da ya sake koyon inda zai fara dubawa kafin ya tsallaka titi.

Ba a gama sabawa da wannan ba sai ga canjin kuɗi. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Tsohuwar da ta saba kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, sule ashirin ne fam ɗaya, dole ta kwance lissafin da ke kanta ta ɗaura sabo, in ba haka ba a cuce ta a kasuwa tana kallo. Tsoffin kuɗin sun tafi, sai sunayensu suka rage a baki: har yau mutum yakan ce ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa riƙe sisi ba.

Wayar salula ta shigo a 2001. A farkon 2023 kuma, bayan an sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa a hannun jama'a. Mai nama da mai shayi da mai kayan miya, wanda ya iya karɓar taransifa ya yi ciniki. Wanda bai iya ba ya zauna yana kallon tumatirinsa yana ruɓewa, ko ya ari asusun wani, ya kwana bai san ko kuɗinsa sun shiga ba.

A duk waɗannan ranaku ba a tambayi kowa shekarunsa ba, ba a kuma ce wanda ya wuce hamsin an yafe masa ba.

> Akwatin kalmomi
> Ilimin manya: karatun da aka tsara domin wanda ya girma, ko bai taɓa shiga makaranta ba, ko ya shiga bai gama ba, ko ya gama yana neman ƙari.
> Neman ilimi tsawon rai: mutum ya ci gaba da koyon sabon abu muddin yana numfashi, a aji ko a gona, a shago ko a masallaci, ta rediyo ko ta waya.

2. Abin namu ne tun asali

Wasu suna ɗauka zaman babba a gaban malami baƙon abu ne da boko ya zo da shi. Ku leƙa zauren kowane malamin ilimi bayan Asuba ko bayan Magariba. Za ku tarar da mai furfura ya naɗe ƙafa da littafinsa yana jiran layi ya zo kansa. Wani yana Ahalari, wani Iziyya, wani ya kai Risala. A wannan makaranta babu shekarar shiga, babu ranar da za a ce ka gama. Malamin da kansa yana da nasa malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa.

Wajen mata, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce ta buɗe hanya. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su tare a wurinta ba, sai ta kafa ƙungiyar da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo su ɗauki karatu, yawanci a waƙe domin ya yi sauƙin hadda, su koma su koyar da matan auren da ke cikin gida. Ku lura da abu ɗaya: waɗanda aka ɗora wa nauyin kai ilimin, tsofaffi ne.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwan yamma a garuruwa da ƙauyuka, ana buga ƙananan littattafan Hausa a Zariya, wanda ya iya haɗa baƙi kuma ya sami jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa tun 1939, ya gwada ƙarfinsa. Shirin ya yi aiki ƙwarai, amma sunansa yana da gyara. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a azuzuwan sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta wasiƙa da ajami. Irin wannan mutum rubutun boko ne bai iya ba, kiransa jahili kuwa rashin adalci ne. A wannan aji ba ma kiran kowa da wannan suna.

Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1990. Wanda kuma karatunsa ya yi nisa, akwai jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. A nan ne tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya kammala digirin digirgir a 2017, yana da shekara 80.

3. "Kaina ya bushe"

Wannan ita ce maganar da malamin ajin manya ya fi ji. Wani ma sai ya kafa hujja da karin magana, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ba maganar haƙƙinta. Yaro ya fi babba saurin kama lafazin sabon harshe, kuma ba shi da tunanin cefane. Babba yakan bukaci a maimaita masa. Daga wajen shekara arba'in ido yakan fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa, sai ka ga mutum yana miƙar da takarda nesa da fuskarsa. Mutane da yawa da suke cewa kansu ya bushe, idonsu ne ya gaji. Tabarau ne maganin wannan, kuma a asibitin ido ake auna shi.

Amma ƙwaƙwalwa ba icce ba ce. A birnin Landan, kafin a ba mutum lasin jan baƙar tasi, sai ya haddace dubban tituna da hanyoyin da suka haɗa su, karatun da kan ci shekara uku zuwa huɗu. Masu yin sa duk manya ne. A shekarar 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗannan direbobi, suka tarar ɓangaren da ke kula da tuna hanya ya fi na sauran mutane girma. Mai gardama zai iya cewa da haka aka haife su. To, sai aka bi sababbin masu koyo, aka auna su kafin su fara da kuma bayan shekaru. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna wannan ɓangare ya ƙaru a wurin waɗanda suka ci jarrabawar. Karatun ne ya sauya ƙwaƙwalwar, bayan girma ya riga ya zo.

A Kenya, da gwamnati ta mai da firamare kyauta a 2003, wani tsoho mai suna Kimani Maruge ya je ya yi rajista a aji ɗaya a 2004, yana da shekara 84, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in jikokinsa.

Kuma babba yana da jarin da yaro ba shi da shi. Matar da ta shekara goma sha biyar tana riƙe adashi ta iya tarawa da ɗebewa da rabawa tun kafin ta ga allo. Tela ya san awo. Manomi ya san kwana nawa gero yake yi kafin ya nuna. Abin da ajin nan yake yi shi ne ya sa wa abin da kuka riga kuka sani alama a takarda, sannan ya ɗora sabo a kai.

> Akwatin kalmomi
> Gogewa: sanin da mutum ya tara ta hanyar yin abu da hannunsa shekara da shekaru. Ita ce tubalin da babba yake ɗora sabon karatu a kai.

4. Mantuwa da tishi

Ka koyi abu yau, gobe ka neme shi ka rasa. Wannan ba ciwon tsufa ba ne, halin ɗan Adam ne. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya tasiri.

Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya daidai, kuma ko ya wuce gaba ba ya barin na baya: yana tishi, yana tilawa da dare, yana komawa kan izun da ya wuce kafin ya kuɓuce masa. Wannan dabara za ku ɗauka ku kawo cikin karatun boko da lissafi da sarrafa waya. Abin da aka koya yau a bi shi kafin a kwanta, a sake gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata.

Wajen tishi, a rufe littafin a gwada faɗa da ka, sannan a buɗe a duba. Kallon shafi kawai yaudara ce: ido ya san wurin, kai bai riƙe ba.

> Akwatin kalmomi
> Tishi: komawa kan karatun baya a maimaita shi lokaci-lokaci domin kada ya ɓace.

Misali na 1: Ina lokacin yake?

A ce wani mai faci ya ware minti 20 kullum bayan Isha, kwana 6 a mako.

Minti 20 × 6 = minti 120, wato awa 2 a mako.
A cire mako 2 na Sallah da hidimomi daga mako 52, saura 50.
Awa 2 × 50 = awa 100 a shekara.

Da za a ce masa ya zauna awa 100 a aji, zai ce iyalinsa za su kwana da yunwa. Minti 20 kuwa bai kai hirar da yake yi a teburin mai shayi ba.

5. Karatun da ke shiga aljihu

Babba ya fi riƙe abin da zai yi amfani da shi gobe da safe. Saboda haka kowa ya fara da bukatarsa. Kuɗin da ke cikin misalai na gaba na kwatance ne, ku sa farashin kasuwarku.

Misali na 2: Littafin mai ƙosai

Wata mai ƙosai ta kashe wannan da safe:

Wake: ₦4,000
Mai: ₦3,000
Albasa, attarugu da gishiri: ₦800
Itace: ₦600
Niƙa: ₦400
Leda: ₦200
Jimla: ₦9,000. Wannan ita ce uwar kuɗi.

Da ta tashi ta ƙirga ₦9,800 a gwangwani. Ta cire ₦9,000, ta ga ₦800, ranta ya ɓaci, ta ce sana'ar nan wahala ce kawai. Amma a littafinta ta rubuta cewa ta zari ₦1,000 ta aika cefane da hantsi, kuma maƙwabciya ta karɓi ƙosan ₦700 bashi.

Ciniki na gaskiya: 9,800 + 1,000 + 700 = ₦11,500
Riba: 11,500 − 9,000 = ₦2,500

Da ba ta rubuta ba, da ta saki sana'ar da ke ciyar da ita. Littafin kuma ya nuna mata ƙofar da kuɗin suke fita, ya tuna mata wanda take bi.

> Akwatin kalmomi
> Uwar kuɗi: abin da aka zuba a sana'a kafin a sayar.
> Riba: abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi daga dukan ciniki, har da na bashi da wanda aka taɓa.

Misali na 3: Lambobin buhun taki

A jikin buhun kamfa za ka ga 15-15-15. Lambobin suna nufin sinadarai uku da ake yi wa alama da N da P da K. Na farko yana sa ganye ya yi kore, shuka ta miƙe. Na biyu yana taimakon saiwa. Na uku yana ƙarfafa kara da cikar ƙwaya. Kowace lamba kaso ce cikin 100.

Buhun kamfa mai kilo 50: 15 × 50 ÷ 100 = kilo 7.5 na N.
Buhun yuriya mai kilo 50, wanda aka rubuta wa 46: 46 × 50 ÷ 100 = kilo 23 na N.

Ashe buhun yuriya ɗaya yana ɗauke da N kimanin ninki uku na buhun kamfa, amma ba shi da P ko K ko kaɗan. Shi ya sa ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya: ana sa kamfa da wuri, a bi masara da yuriya daga baya. Manomin da ya iya wannan lissafi, dillali ba zai sayar masa da buhu don kyan launinsa ba.

Misali na 4: Sau uku a rana

Idan an ce a sha magani sau uku a rana da tazara daidai, awa 24 ÷ 3 = awa 8. Wato ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. A jikin kwali kuma a nemi haruffan EXP. Idan an ga EXP 03/2027, maganin ya daina amfani bayan watan Maris na 2027. Abin da ya shige duhu a tambayi likita ko mai ba da magani tun kafin a bar wurin.

6. Kunya

Mun yi maganar ido, mun yi ta lokaci, mun yi ta mantuwa. Duk suna da magani mai sauƙi. Abin da ya fi korar manya daga aji shi ne kunya: kada a ga magidanci da littafin aji ɗaya, kada kishiya ta yi dariya, kada yara su ji Baba yana haɗa baƙi yana tuntuɓe.

Ga yadda hira takan kasance a gidaje da yawa:

"Baba, kawo wayar in tura maka, ka ga na fi sauri."

"A'a, ɗan nan, yau zauna kusa da ni. Ni zan danna, kai ka riƙa faɗa mini."

"Ai za mu daɗe, Baba."

"Mu daɗe ɗin. Ranar da kake makaranta wa zai tura mini?"

Wannan dattijo ya yi daidai, girmansa kuma bai ragu ba. Wanda ake yi wa abu kullum, kullum yana hannun mai yi masa. A harkar banki abin ya wuce jinkiri, don duk wanda ka miƙa wa kati ka faɗa masa lambar sirri, ka ba shi mabuɗin rumbunka. Banki ba ya kiran mutum a waya ya nemi lambarsa ta sirri. Wanda ya kira ya nema, ɓarawo ne, ko da ya faɗi sunanka daidai.

Maigidan da matarsa ke son shiga aji, ya duba wanda ke auna wa yaro maganin zazzaɓi da tsakar dare, da wanda ke gida sa'ad da yara suka buɗe jakar makaranta. A nan ajin kuma doka ɗaya ce: ba a yi wa mai kuskure dariya, kuma wanda ya gane ya juya ya koya wa na kusa da shi, domin shi ma karatun ya ƙara zauna masa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin ilimin manya da neman ilimi tsawon rai? Faɗi da kalmominka.
2. Waɗanne sauye-sauye biyu aka yi a Nijeriya a 1972 da 1973? Fam 7 naira nawa ke nan?
3. Wace ce jaji, kuma mene ne aikinta a cikin 'Yan Taru?
4. Don me darasin ya ce sunan Yaƙi da Jahilci yana da gyara? Ka yarda ko ba ka yarda ba? Kawo dalili.
5. Me binciken direbobin tasi na Landan ya nuna game da ƙwaƙwalwar babba?
6. An koya maka sabon abu ranar Litinin. Rubuta ranakun da za ka yi tishinsa.
7. Idan ka ware minti 30 kullum, kwana 5 a mako, awa nawa za ka tara cikin mako 40?
8. Mai shayi ya zuba uwar kuɗi ₦14,000. Da dare ya ƙirga ₦15,200, ya ba da bashin ₦1,300, ya kuma zari ₦2,000 ya sayi maganin yaro. Nawa ce ribarsa?
9. An rubuta 20-10-10 a buhu mai kilo 50. Kilo nawa na N ke ciki? Kilo nawa na K?
10. An ce a sha magani sau huɗu a rana da tazara daidai. Awa nawa ne tsakani? Idan an fara da ƙarfe 6 na safe, yaushe za a sha sauran?

Aikin gida: Zaɓi abu ɗaya da kullum sai wani ya yi maka, kamar karanta saƙo, cike takardar asibiti ko duba kuɗin asusu. Rubuta sunan abin, da wanda zai koya maka, da ranar da za ku fara, ka zo da takardar a zama na gaba.